KARL MARX: Mutumin Da Ya Rubuta Littafin Jari Alhali Ba Shi Da Ko Sisi

Da wuya a sami mutumin da bai taɓa riƙe sarauta ba, bai ja soja zuwa yaƙi ba, amma sunansa ya girgiza duniya kamar na Karl Marx. Shekara ɗari bayan mutuwarsa, watau wajen 1983, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna zaune ne a ƙarƙashin gwamnatocin da suka ce koyarwarsa suke bi. Shi kuwa duk tsawon ransa abu ɗaya ya sa a gaba, watau ya gano dalilin da ya sa mai yin aiki da hannunsa yake kwana da yunwa, alhali wanda ya mallaki wurin aikin dukiyarsa sai ƙaruwa take yi. Neman amsar wannan tambaya shi ya raba shi da ƙasarsa, ya kuma jefa iyalinsa cikin wahala.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Karl Marx ran 5 ga watan Mayu na shekarar 1818 a garin Trier, a yammacin ƙasar Jamus ta yanzu. A lokacin nan Jamus ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna, Trier kuwa tana ƙarƙashin sarkin Prussia, wadda ke cikin manyan daulolin Jamusawa. Iyayensa Yahudawa ne, kakanninsa ma malaman Yahudawa ne, amma mahaifinsa Heinrich ya koma addinin Kirista saboda dokar Prussia ta hana Bayahude aikin lauya, shi kuwa lauya ne. Gidansu gidan rufin asiri ne, don haka Karl bai san talauci ba sai da ya girma.

Yana da shekara 17, a cikin 1835, aka tura shi Jami'ar Bonn domin ya karanta shari'a ya gaji mahaifinsa. Sai yaro ya fi mai da hankali ga rubuta waƙoƙi da cin bashi da shaye-shaye, har hukumar jami'a ta taɓa tsare shi saboda hana mutane barci da dare. Da mahaifin ya ga haka sai ya mai da shi Jami'ar Berlin a 1836. A can ne ya sadu da littattafan wani babban masanin falsafa mai suna Hegel, wanda ya koyar da cewa tarihi yana ci gaba ne ta hanyar karo tsakanin abubuwa biyu masu saɓani. Marx ya karɓi wannan, amma daga baya ya ce ainihin karon yana faruwa ne a wajen neman abinci, tsakanin masu mallaka da masu yi musu aiki. Ya sami digirin dakta daga Jami'ar Jena a 1841. Ya so ya zama malamin jami'a, gwamnati kuwa ba ta ɗaukar masu irin ra'ayinsa, sai ya faɗa aikin jarida.

A 1842 ya zama editan wata jarida mai suna Rheinische Zeitung a birnin Cologne. A nan ne wata magana ta buɗe masa ido. Tun kaka da kakanni talakawan yankin sukan shiga daji su tsinci ƙirare da rassan da suka faɗo domin hura wuta. Sai majalisar lardin, wadda masu filaye suka cika, ta zauna tana shawarar dokar da za ta mai da wannan tsintuwa sata. Marx ya yi rubutu mai zafi a kan haka, ya kuma fara lura da cewa doka takan bi bayan mai dukiya. Gwamnati ta rufe jaridar a 1843.

AURE DA GUDUN HIJIRA

A cikin wannan shekara ya auri Jenny von Westphalen, 'yar wani babban gida a Trier, bayan sun yi shekara bakwai da alkawari. Ta girme shi da shekara huɗu, ta kuma bar jin daɗin gidansu ta bi shi duk inda aka kore shi. Suka tashi zuwa birnin Paris. A can, cikin watan Agusta na 1844, ya ƙulla abota da Friedrich Engels, abotar da ba ta yanke ba sai da mutuwa ta raba. Shi Engels ɗan attajiri ne, mahaifinsa yana da hannun jari a wata masaƙar auduga a Manchester ta Ingila. Ya ga da idonsa yadda ma'aikata suke zaune a ɗakuna masu danshi, da yadda mata da ƙananan yara suke yini a tsaye gaban injuna, har ya rubuta littafi a kan halin da 'yan ƙwadagon Ingila suke ciki, wanda ya fito a 1845.

Gwamnatin Prussia ta matsa wa Faransa lamba har aka kori Marx a 1845, ya koma birnin Brussels na Beljiyam. A shekarar ce ya ajiye takardar zama ɗan Prussia, daga nan kuwa har ya mutu ba shi da ƙasar da zai ce tasa ce. Wata ƙungiyar ma'aikata 'yan gudun hijira ta roƙe shi da Engels su rubuta mata manufofinta, sai suka fito da ɗan littafin nan da ake kira Sanarwar Jam'iyyar Kwaminis, wanda aka buga a Landan cikin watan Fabrairu na 1848. Shafi 23 ne kacal, ya kuma ƙare da kira ga ma'aikatan dukan ƙasashe su haɗa kai.

Littafin yana fitowa ke nan sai juyin juya hali ya ɓarke a Faransa, ya bazu zuwa Jamus da Austriya da Italiya, ko da yake ba littafin ne ya haddasa shi ba, domin kaɗan ne suka karanta shi a lokacin. Beljiyam ta kori Marx, ya koma Cologne ya kafa sabuwar jarida. Da sarakuna suka sake samun ƙarfi sai aka gurfanar da shi gaban shari'a, masu taimaka wa alƙali suka sallame shi, amma duk da haka aka ba shi takardar kora. Fitowar jaridar ta ƙarshe, a watan Mayu na 1849, da jan tawada aka buga ta. Cikin watan Agusta ya sauka Landan yana tsammanin zaman 'yan watanni zai yi, ashe a can zai ƙare ransa.

WAHALAR LANDAN

Shekarun farko a Landan su ne mafi tsanani. Iyalin suna cunkushe a ɗaki biyu a unguwar Soho, ana zaman hannu baka hannu ƙwarya, mai gida da mai burodi da mahauci kowa yana bin su bashi. Sau da yawa yakan kai kwat ɗinsa gidan jingina, idan kuwa kwat ba ya nan ba shi da halin fita cikin sanyi. Daga cikin 'ya'ya bakwai da Jenny ta haifa, uku ne kaɗai suka girma, dukansu mata, watau Jenny da Laura da Eleanor. Da ƙaramar 'yarsu Franziska ta mutu a 1852 ba su da kuɗin akwatin gawa, sai wani maƙwabci Bafaranshe ɗan gudun hijira ya taimaka da fam biyu. A 1855 kuma ɗansa Edgar, wanda ya fi so, ya mutu yana da shekara takwas.

Abin da yake samu shi ne ɗan ladan rubutun da yake aika wa wata jaridar Amurka, New York Tribune, wadda ya yi wa aiki wajen shekara goma. A 1862 ya nemi aikin akawu a kamfanin jirgin ƙasa, aka ƙi ɗaukarsa saboda munin rubutun hannunsa. Wanda ya riƙe gidan shi ne Engels. Ya koma Manchester a 1850 ya shiga aikin masaƙar da ba ya so, ya yi kusan shekara ashirin a ciki, yana aiko wa abokinsa kuɗi ta gidan waya. Wani lokaci yakan raba takardar fam biyar biyu ya aika kowane rabi cikin wasiƙa dabam don gudun ɓarayi. Ke nan ribar da aka samu daga gumin masaƙan Manchester ita ta ciyar da mutumin da ya fi kowa sukar wannan riba.

Shi ma Marx yana da nasa laifin. Bai iya riƙon kuɗi ba, duk lokacin da gado ya faɗo musu sai a koma babban gida, kafin a jima kuɗin sun ƙare. Mutum ne mai zafin jayayya, ba ya raga wa abokin hamayya ko da tafiyarsu ɗaya. Ga shan taba ba iyaka, ga ciwon hanta, ga maruru da sukan hana shi zama. Duk da haka kusan kullum yana babban ɗakin karatu na gidan adana kayan tarihi na Ingila tun safe har dare, yana bin rahotannin da sufetocin masana'antu suke rubuta wa gwamnati, yana kwafe alƙaluman albashi da awoyin aiki da yawan yaran da injuna suka naƙasa.

ABIN DA YA KOYAR

Sakamakon wannan dogon bincike shi ne babban littafinsa Das Kapital, watau Jari, wanda kashinsa na farko ya fito a birnin Hamburg cikin watan Satumba na 1867. Koyarwar da ke cikinsa da cikin sauran rubuce-rubucensa tana tsaye ne a kan ƙafa uku.

Ta farko, a ganinsa kowace al'umma ta kasu rukuni-rukuni bisa ga wanda ya mallaki abin samar da dukiya, watau ƙasa da kayan aiki da ma'aikatu. A da akwai ubangiji da bawa, sa'an nan masu ƙasa da talakawan da ke yi musu noma, a zamaninsa kuma ɗan jari-hujja da ɗan ƙwadago. Ja-in-ja tsakanin waɗannan rukunoni shi ke juya tarihi, gwamnati da dokoki kuwa galibi suna kare rukunin da ke sama ne.

Ta biyu ita ce asalin riba. Ɗan ƙwadago ba shi da gona, ba shi da inji, ƙarfinsa kaɗai yake da shi na sayarwa. Mai masaƙa yana biyansa abin da zai ishe shi ci da kwana domin ya iya dawowa gobe. To, a ce masaƙi yana aikin awa goma a rana, cikin awa huɗu na farko ya riga ya saƙa yadin da ya kai kuɗin ladansa. Sauran awa shida, yadin da ya saƙa na mai masaƙa ne. Wannan rarar ita ce uwar riba da kuɗin ruwa da kuɗin haya. Abin da Bahaushe ke cewa ke nan, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Marx ya nuna cewa maganar ba ta mugun halin wani attajiri ba ce, domin mai masaƙar da ya ji tausayi ya rage awoyi, abokan gasarsa za su karya shi a kasuwa.

Ta uku ita ce makomar tsarin. Ya yarda jari-hujja ya samar da injuna da jiragen ƙasa da dukiyar da duniya ba ta taɓa gani ba. Amma gasa za ta sa manyan kamfanoni su haɗiye ƙanana, inji ya riƙa korar mutane daga aiki, marasa aikin yi su sa albashi ya ƙi tashi, kaya su yi yawa ba masu saye, ciniki ya riƙa durƙushewa lokaci-lokaci. A ƙarshe ma'aikatan da aka tara dubbai a wuri guda za su gane ƙarfinsu, su karɓe ma'aikatun su zama mallakar jama'a. Yadda za a tafiyar da wannan sabuwar al'umma kuwa, kaɗan ƙwarai ya rubuta a kai.

Ya kuma taɓo Afirka. A inda yake bayanin yadda Turawa suka tara jarinsu na farko, ya lissafa korar manoman Ingila daga gonakinsu, da kwasar zinariya da azurfar Amurka, da wawashe Indiya, da farautar baƙar fata a Afirka domin sayar da su bayi, ya ce da cinikin bayi ne birnin Liverpool ya yi ƙiba. Game da addini kuwa, ya ɗauke shi tamkar abin da wanda aka zalunta yake rage raɗaɗi da shi, shi kansa bai yi imani da Allah ba. Wannan ra'ayi ya rufe wa koyarwarsa ƙofa a zukatan miliyoyin Musulmi da Kirista, har da waɗanda suka yarda da maganarsa a kan zaluncin masu kuɗi.

ƘUNGIYAR MA'AIKATA DA ƘARSHEN RAYUWARSA

Ran 28 ga watan Satumba na 1864 aka kafa Ƙungiyar Ma'aikata ta Duniya a Landan, Marx ya zama ƙashin bayanta, shi ke rubuta mata takardu. A taronta na Geneva a 1866 ta nemi a tsai da aiki awa takwas a rana. A 1871 ma'aikata da talakawan Paris suka riƙe birnin wata biyu da 'yan kwanaki kafin soja su murƙushe su, su kashe dubbai. Marx ya rubuta ƙasida yana kare su, wannan ne ya sa sunansa ya fara shiga jaridun Turai a matsayin mutum mai haɗari. Amma ƙungiyar ta tsage saboda rigimarsa da wani ɗan Rasha mai suna Bakunin, wanda ya yi gargaɗin cewa duk gwamnatin da aka kafa da sunan ma'aikata za ta rikiɗe ta zama sabuwar sarauta a kansu. An kori Bakunin a 1872, ƙungiyar kuma ta watse a 1876.

Littafin Jari bai yi kasuwa a Jamus ba, kofe dubu ɗaya da aka buga sai da suka yi shekaru kafin su ƙare. Ƙasar da ta fara fassara shi ita ce Rasha, a 1872, inda masu tace littattafai na sarki suka bari ya wuce don a ganinsu ba mai iya karanta shi.

Tun daga 1869 Engels ya yanka masa fam 350 a shekara, talauci ya sassauta, amma lafiya ta riga ta tafi. Matarsa ta mutu a watan Disamba na 1881. A farkon 1882 likitoci suka tura shi Aljeriya ya sha iska mai ɗumi, ya yi wata biyu da rabi, wannan ce kaɗai fitarsa daga Turai. Babbar 'yarsa Jenny ta mutu a watan Janairu na 1883. Ran 14 ga watan Maris na wannan shekara aka same shi a kujerarsa rai ya yi halinsa, yana da shekara 64. Waɗanda suka raka gawarsa maƙabartar Highgate ba su kai ashirin ba. Engels ne ya tattara takardunsa ya fito da kashi na biyu na littafin a 1885, na uku kuma a 1894.

BAYAN MUTUWARSA

Marx ya fi sa rai juyin zai fara ne a ƙasashe masu manyan masana'antu kamar Ingila da Jamus. Sai ga shi a Rasha ya faru a 1917 ƙarƙashin Lenin, sa'an nan a ƙasar Sin a 1949 ƙarƙashin Mao, ƙasashen da yawancin mutanensu manoma ne. Gabashin Turai da Kyuba da Biyetnam suka bi. A Afirka, gwamnatocin Kongo Brazzaville da Habasha da Angola da Mozambik sun ɗauki wannan aƙida, haka ma maƙwabciyar Nijeriya, Dahomey, wadda Mathieu Kerekou ya sauya wa suna zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin a 1975.

Waɗannan gwamnatoci sun yi ƙoƙari wajen yaƙi da jahilci da kafa masana'antu, amma gargaɗin Bakunin ya tabbata. Jam'iyya ɗaya ta riƙe kome, ma'aikaci ba shi da ikon yajin aiki ko faɗin ra'ayinsa. A zamanin Stalin an ƙwace gonaki an mai da su na gwamnati, yunwar 1932 da 1933 ta kashe miliyoyin mutane, wasu miliyoyin kuma aka tura su sansanonin aikin dole. A Sin yunwar 1959 zuwa 1961 ta kashe fiye da haka. Har yanzu masana suna jayayya a kan ko alhakin wannan jini ya hau kan Marx ko kuwa kan waɗanda suka yi mulki da sunansa. Katangar Berlin ta faɗi a 1989, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991. Sin kuwa tun daga 1978 ta buɗe ƙofa ga kasuwa da 'yan jari, ko da yake jam'iyyar kwaminis ce ke mulki har yau.

A ƙasashen jari-hujja, inda juyin bai zo ba, tasirinsa ya bi wata hanya. Ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyun gurguzu sun yi ƙarfi, masu mulki kuma suka ga gara a ba da kaɗan da a rasa duka. Bismarck na Jamus, babban maƙiyin 'yan gurguzu, shi ya kafa inshorar lafiya ta ma'aikata a 1883 da fanshon tsufa a 1889 domin ya janye ma'aikata daga gare su. A 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da aikin awa takwas a masana'antu. Albashi ya tashi a Turai da Amurka, saɓanin abin da mabiyansa da yawa suka zata.

Ranar ma'aikata ta 1 ga watan Mayu ma wani taron 'yan gurguzu ne ya tsai da ita a Paris a 1889. A Nijeriya gwamnatin PRP ta Jihar Kano ce ta fara ba da hutunta a 1980, gwamnatin tarayya ta bi a 1981. Kafin nan, sanarwar Sawaba da jam'iyyar NEPU ta fitar a Kano a 1950 ta bayyana halin da Arewa take ciki a matsayin gwagwarmayar rukuni tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa, ko da yake Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa sun fi kafa hujja da koyarwar Musulunci a kan adalci.

Da cinikin duniya ya durƙushe a 2008, masu sayar da littattafai a Jamus sun ga an koma neman littafin Jari. A 2018, da ya cika shekara 200 da haihuwa, gwamnatin Sin ta ba garin Trier kyautar babban mutum-mutuminsa na tagulla, mutanen garin kuwa sai da suka yi muhawara kafin su karɓa. Kabarinsa yana nan a Highgate, baƙi suna zuwa daga ko'ina cikin duniya, amma sai mutum ya biya kuɗin shiga a ƙofa kafin ya gan shi.